Soja Ne Ko Ɗan Ƙwadago? Matsayin Mutanen Ɗakin Inji A Jiragen Kasuwa Lokacin Yaƙi

Ranar 12 ga Yunin 2024, wani ƙaramin kwale-kwale marar matuƙi da 'yan Houthi na Yaman suka maƙare da abubuwan fashewa ya daki jirgin dakon kwal mai suna Tutor a Bahar Maliya. Ta baya ya same shi, ruwa ya cika ɗakin inji. Mutum 22 ne a jirgin, dukkansu 'yan Filifins. An kwashe 21. Ɗayan da ya rage yana can ƙasa wajen inji lokacin da abin ya faru, kuma ba a sake ganinsa ba. Bayan 'yan kwanaki jirgin ya nutse.

Wanda ke bin labaran nan zai lura da wani abu mai ɗaure kai. Kafofin labarai suna kiran waɗannan mutane farar hula. Ƙungiyoyin ƙwadago kuwa maganar alawus ɗin yaƙi suke yi. A gefe guda kuma, a watan Mayun 2022 majalisar dokokin Amurka ta miƙa lambar zinare, wadda babu ta sama da ita a hannunta, ga tsofaffin da suka yi irin wannan aiki a Yaƙin Duniya na Biyu, tana yabonsu kamar mazan jiya. To, wanne ne a ciki? Amsar tana cikin tarihin aikin kansa.

Wane jirgi, wane ɗaki?

Jirgin kasuwa shi ne duk jirgin ruwan da ba na soja ba, wanda kamfani ya mallaka don dakon kaya ko fasinja: hatsi, man fetur, ma'adinai, katako. Ma'aikatansa ba ɗauka aka yi musu irin ta soja ba. Takardar yarjejeniya suke sa wa hannu, a da yawanci ta tafiya ɗaya, in an dawo a biya kowa ya kama gabansa.

A cikin jirgin, aiki ya kasu uku. Akwai mutanen sama, wato kyaftin da mataimakansa da masu igiya. Akwai masu abinci. Sai mutanen inji, waɗanda babban injiniya ke shugabanta. Ɗakin inji yana can ƙasan jirgi ne, ƙasa da inda ruwan teku ya tsaya a jikinsa. Wanda ke aiki a wurin, teku tana sama da kansa ta dama da hagu, kuma abin da ya raba shi da ita falankin ƙarfe ne da kaurinsa bai fi na babban yatsa ba.

Akwai kalma ɗaya kuma da za ta riƙa dawowa: ayari. Da jiragen yaƙin Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa suka addabi Tekun Atilantika, sai aka riƙa tara jiragen kasuwa talatin, arba'in ko fiye su tafi a jere, jiragen soja na rakiya a gefe. Tsarin bai yi nisa da na fatake ba. Akwai madugu a jirgin gaba, kuma duk wanda ya sake ya rabu da ayari, ya zama abincin 'yan kwanton ɓauna.

Aikin wuta

A shekarar 1939 jiragen Birtaniya masu yawa kwal suke ci. Ana ƙona kwal a murhu, wuta ta tafasa ruwa a manyan tukwanen ƙarfe, tururin ya tura inji, injin ya juya farfela. Matsakaicin jirgin kaya yana iya cin kimanin tan 30 na kwal a rana, kuma kowane ɗan dunƙule da hannun mutum yake shiga wuta.

Mutum biyu ne ginshiƙin wannan aiki. Na farko mai turo kwal. Yana cikin rumbun kwal, wuri mai duhu da ƙura, yana lodi a baro ya turo ta kan siririn katako ya juye a gaban murhu, jirgi kuwa na tangaɗi. Ranar da aka baro tasha kwal na bakin ƙofa. Bayan mako biyu sai ya shiga can ƙurya kafin ya samo. Shi ne kuma mai kwashe toka.

Na biyu ɗan wuta. Wanda bai sani ba zai ɗauka watsa kwal da shebur ne kawai, amma sana'a ce. Zai buɗe ƙofar murhu, zafi ya mare shi, ya shimfiɗa kwal daidai wa daida a kan wuta, ya rufe. Zai ɗauko doguwar sandar ƙarfe mai nauyi ya cusa ta ƙasa ya farfasa daskararren tokan da ke toshe iska. Idonsa kullum na kan allurar da ke nuna ƙarfin tururi. Ya cika kwal, wuta ta shaƙe ta yi baƙin hayaƙi. Ya rage, allura ta faɗi, jirgi ya rage gudu. Awa huɗu ake yi a huta takwas, dare da rana, daga tashi har sauka. A Bahar Maliya zafin wurin yana iya kaiwa digiri 50. Da singileti suke aiki, da tsumma a wuya don share gumi.

Sama da su akwai masu zuba mai a gaɓoɓin inji. Waɗannan da bayan hannu suke taɓa ƙarfe yana cikin juyawa don su ji ko ya fara zafi. Sai injiniyoyi, na biyu, na uku, na huɗu, kowa da lokacin da yake tsaye kusa da ƙararrawar da kyaftin ke aiko umarni da ita daga sama.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, ƙwarewar ɗan wuta ta zama maganar rai da mutuwa. Baƙin hayaƙi ana hango shi daga nesa ƙwarai, don haka jirgi ɗaya mai hayaƙi yana iya tona asirin ayari duka. Ayarin tsofaffin jirage bai wuce gudun kilomita 13 a awa ba, kamar mai tuƙa keke a natse, amma ko wannan sai da wasu suka kasa riƙewa saboda mugun kwal ko tsufan tukunya. A watan Oktoban 1940, ayarin da ake kira SC 7 ya taso daga Kanada da jirage 35. An nutsar da 20.

Dalilin da ya sa ƙasa ta fi sama haɗari

Mai harba nakiyar ƙarƙashin ruwa tsakiyar jirgi yake nema, don nan ne ya fi wuya ya kuskure. A yawancin jiragen kaya na wancan zamani kuwa, a tsakiyar nan inji yake. Ɗakin inji ne kuma wuri mafi faɗi a jirgi wanda ba kaya a ciki, saboda haka in ya ɓule ruwa ba ya samun abin da zai tare shi.

Abin da ke biyo bayan fashewar ya fi fashewar muni. Fitilu su mutu. Bututun tururi ya tsage, tururin da ke iya dafa mutum a tsaye ya cika ɗaki. Ruwan sanyi ya taɓa tukunya mai zafi. Hanyar fita tsanin ƙarfe ne hawa-hawa, mai santsin mai, wanda wataƙila girgizar ta riga ta karya. Jirgin da ya ɗauko tama ko ƙarfe yana iya nutsewa cikin minti biyu. Duk da haka akwai aikin da ake sa ran injiniyan da ke bakin aiki zai yi kafin ya nemi tsani: ya tsayar da inji. In bai tsayar ba jirgi zai ci gaba da tafiya, kwale-kwalen ceto su kife wajen saukarwa, farfela kuma ta sare waɗanda suka faɗa ruwa.

Wanda Allah ya sa ya fito, bai gama ba. Daga zafin murhu ya fito, jiƙe da gumi, da singileti, zuwa iskar hunturun Atilantika. Mutanen sama suna da manyan riguna. Shi ba shi da ko takalmin kirki.

Su kansu ranakun da ba a kai hari ba suna da nasu. Mutumin sama yana ganin abin da ke faruwa. Na ƙasa ji kawai yake yi. In jiragen rakiya suka saki bama-bamai cikin ruwa, ƙarar tana zuwa jikin jirgi kamar an buga guduma a kan ganga, kuma ba ya iya sanin nasu ne ko na abokan gaba.

Birtaniya ta rasa ma'aikatan jiragen kasuwa fiye da 30,000 a wannan yaƙi. Masana tarihi da dama sun nuna cewa in aka auna da yawan waɗanda suka yi aikin, kason ya fi na sojan ƙasa, ko na ruwa, ko na sama. A dutsen tunawa na Tower Hill da ke Landan akwai sunayen kusan 24,000 daga cikinsu waɗanda ba su da kabari sai teku.

Su waye a ƙasan?

Wanda ya duba waɗannan sunaye zai ga Ali da Ahmed da Hassan da Mohamed birjik, kuma sau da yawa aikin da aka rubuta musu shi ne na wuta ko turo kwal. Tun ƙarni na 19 kamfanonin jirage suka riƙa ɗaukar mutanen ƙasashen da Ingila ta mallaka a aikin da ya fi zafi. Hujjar da ake bayarwa ita ce wai sun fi jure zafi. Hujjar da ke cikin littafin lissafi ita ce sun fi arha.

Adan, a Yaman ta yau, tashar shan kwal ce, don haka Yamanawa da Somalawa suka cika ɗakunan wuta, har suka kafa unguwanni a garuruwan Kadif da South Shields na Birtaniya waɗanda zuriyarsu ke nan har yau. Daga Indiya akwai waɗanda ake kira laskar, da yawansu Musulmi ne daga Silet da Citagon, a Bangladash ta yau. Kafin yaƙi albashin laskar bai kai rubu'in na Bature mai aiki iri ɗaya ba. Da yaƙi ya ɓarke a 1939 suka yi yajin aiki suna neman ƙari, aka ɗaure ɗaruruwa kafin a ƙara. Fiye da 6,000 daga cikinsu sun mutu a yaƙin. 'Yan Sin da ke Libaful su ma sun yi yajin aiki a 1942 kan kuɗin haɗarin yaƙi. Da aka gama yaƙi, hukumomi suka tattara da yawansu aka mayar da su gida da ƙarfi, wasu sun bar mata da 'ya'ya ba sallama.

Afirka ta Yamma ma tana ciki dumu-dumu. Kamfanin Elder Dempster, wanda ya riƙe hanyar Libaful zuwa Legas, yana ɗaukar 'yan wuta a Firitawun da Legas, musamman Kru na Laberiya da Saliyo, da kuma 'yan kudancin Najeriya, a kan albashin da bai kai na wanda aka ɗauka a Ingila ba. Firitawun ce matattarar ayarin da ke zuwa Birtaniya daga kudu. Gyaɗar Kano, kuzar Jos, manja da koko, duk ta nan suka bi. Sojojin Afirka ta Yamma na Runduna ta 81 da ta 82 da aka kai Bama a 1943 da 1944, waɗanda Hausawa ke da yawa a cikinsu, a cikin irin waɗannan jirage suka tsallaka zuwa Indiya. Hanyar kuwa ba ta da aminci. Jirgin Elder Dempster mai suna Abosso, wanda aka harba ranar 29 ga Oktoban 1942, ya tafi da mutum 362. Mutum 31 kaɗai suka tsira.

Albashi yana nutsewa tare da jirgi

Nan ne asalin ruɗanin yake. A tsohuwar ƙa'idar Birtaniya, yarjejeniyar ma'aikaci da jirgi take, ba da ƙasa ba. Ranar da jirgi ya nutse, ranar aikinsa ya ƙare, albashi ya tsaya. Kwanakin da ya yi a kwale-kwale yana fama da ƙishirwa ba a biyansu. Matarsa da ke karɓar wani kaso a ofishin kamfani, wani lokaci tsayawar kuɗin ce ke fara sanar da ita cewa wani abu ya faru. Sai a watan Mayun 1941 gwamnati ta kawo dokar da ta tabbatar musu da biya tsakanin jirgi da jirgi. Amma dokar ta zo da sharaɗi: daga ranar ba mai barin aikin teku sai yaƙi ya ƙare. Wato an ɗaure su kamar soja, ba tare da an kira su soja ba.

Labarin tankar mai San Demetrio ya nuna ɗaya fuskar wannan ƙa'ida. Ranar 5 ga Nuwamban 1940 jirgin yaƙin Jamus Admiral Scheer ya afka wa ayarinsu. Tankar, wadda ke ɗauke da fetur fiye da tan 11,000, ta kama da wuta, kyaftin ya ba da umarni a fice. Bayan kwana biyu a teku, mutum 16 da ke cikin kwale-kwale ɗaya suka koma cikin jirgin nasu, wanda suka tarar yana yawo yana ci da wuta. Babban injiniya Charles Pollard da 'yan mutanensa suka kwashe ruwan ɗakin inji, suka tada tururi don kashe gobara, suka tada inji. Ba rediyo, ba taswira, suka kawo shi Sikotilan ranar 16 ga wata. Mai zuba mai John Boyle, wanda ya ci gaba da aiki da rauni a jikinsa, ya rasu a hanya.

A ƙa'ida ma'aikaci ba ya neman ladan ceto jirgin da yake wa aiki, don aikinsa ne. Amma kotu ta ce tun da kyaftin ya sallame su, lokacin da suka koma ba ma'aikata ba ne, masu ceto ne. Aka ba su fam 14,700 su raba. Ƙa'idar da ta yanke wa dubbai albashi ita ce ta biya waɗannan.

Gardamar da ta ɗauki shekara arba'in

Bayan yaƙi tambayar ta koma ta fansho, asibiti da karatu kyauta. Masu cewa kada a haɗa su da sojoji suna da hujjojinsu. A Amurka musamman, ma'aikacin jirgin kasuwa yana da ƙungiyar ƙwadago, yana iya zaɓen jirgi, yana iya hutawa bayan tafiya, kuma da alawus ɗin haɗari abin da yake karɓa a wata yakan fi na ƙaramin soja. A cikin jirgi ɗaya akwai sojojin ruwa da aka sa su riƙe bindiga, suna fuskantar nakiya ɗaya a kan kuɗi kaɗan. A ganin masu wannan ra'ayi, wanda ya karɓi ladansa a hannu ba zai dawo ya nemi na wanda aka yi wa alkawarin gaba ba.

Ɗaya ɓangaren ya ce lissafin bai cika ba. Ana biyan ɗan jirgin kasuwa ne kawai lokacin da yake cikin yarjejeniya, yana biyan haraji, ba shi da alawus ɗin iyali irin na soja, kuma in ya nakasa ba fanshon da ke jiransa. Sannan kayan da ya ɗauka harsashi ne da man jirgin sama, hanyar da zai bi kuma soja ne ke zana ta.

Kowace ƙasa ta warware a nata lokaci, kuma babu wadda ta yi sauri. Dokar tallafa wa tsofaffin sojojin Amurka ta 1944 ba ta haɗa da su ba. Sai a 1988, bayan hukuncin kotu, aka amince da su a matsayin tsofaffin sojoji, lokacin da amfanin karatu kyauta ya riga ya wuce su. Kanada ta amince a 1992, amma diyya sai a 2000, bayan wasu tsofaffi sun yi yajin cin abinci a gaban majalisa a Ottawa a 1998. Norway, wadda jiragenta kusan 1,000 suka yi wa Birtaniya da ƙawayenta aiki, ta riƙe wani kaso na alawus ɗin ma'aikatanta a wani asusu. Suka kai ƙara, suka sha kaye a kotun ƙoli a 1954. A 1972 majalisa ta biya su krona 180 kan kowane watan da suka yi a teku, gwamnati kuma ta ba da haƙuri a 2013. Birtaniya ta keɓe 3 ga Satumba a matsayin ranarsu tun daga 2000, ranar da aka harbi jirgin fasinja Athenia a 1939.

Duk waɗannan gyare-gyare 'yan ƙasa suka fi amfana. Ɗan wutan da ya koma ƙauyensa a Yaman ko Saliyo, wanda ƙasarsa ta samu 'yanci daga baya, ba shi da ɗan majalisar da zai kai wa kuka a Landan.

Me dokar yaƙi ta ce?

A takarda, farar hula ne. Yarjejeniyar Landan ta 1936 ta ce ba a nutsar da jirgin kasuwa sai an fara kai mutanensa wurin tsira, sai fa in ya ƙi tsayawa ko ya yi turjiya. Ba a daɗe ana bin wannan ba. Jamus ta kafa hujja da cewa jiragen suna ɗauke da bindigogi, suna tafiya da rakiyar soja, suna kuma kai rahoton duk jirgin ƙarƙashin ruwan da suka gani. A shari'ar Nurembag, wadda aka yi wa shugabannin Jamus bayan yaƙi, an ɗaure shugaban sojan ruwan Jamus Karl Dönitz shekara 10, amma alƙalai ba su ɗora hukuncin a kan karya wannan ƙa'ida ba, bayan da Admiral Nimitz na sojan ruwan Amurka ya tabbatar cewa Amurka ma haka ta yi wa jiragen Japan a Tekun Fasifik.

Yarjejeniyar Janiba ta uku ta 1949 ta ƙara wani abu: ma'aikacin jirgin kasuwa na ƙasar da ke yaƙi, in an kama shi, yana da haƙƙin fursunan yaƙi. Har yanzu dai fahimtar masana ita ce jirgin kasuwa yana da kariya, amma yana iya rasa ta in ya ɗauki kayan yaƙi ko ya shiga ayarin da sojan abokan gaba ke rakiya. Mutumin ɗakin inji ba shi ke zaɓen kaya ba, ba shi ke zaɓen hanya ba.

Inda abin ya tsaya yau

Kwal ya tafi. Manyan jiragen yau injin dizal suke da shi, akwai ɗakin lura mai na'urar sanyi da kwamfuta, ma'aikata duka ba su cika wuce ashirin da 'yan kai ba. Amma injin yana nan a ƙasa, yanzu ta baya, kuma kwale-kwalen bam daidai bakin ruwa yake duka. Masu aikin kuma har yanzu daga ƙasashen da albashi ke da arha ake ɗebo yawancinsu. Mutum uku da suka mutu a jirgin True Confidence ranar 6 ga Maris 2024, biyu 'yan Filifins ne, ɗaya ɗan Biyetnam.

Abin da ya canja shi ne takarda. A farkon 2024 ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya, ITF, da wakilan masu jirage sun ayyana kudancin Bahar Maliya da Mashigin Adan a matsayin yankin yaƙi. Ma'aikaci yana da damar ƙin shiga a mayar da shi gida da kuɗin kamfani. In ya yarda ya shiga, ana ƙara masa kwatankwacin albashinsa na asali na kwanakin, diyyar mutuwa ko nakasa kuma ta ninka. Sai dai wannan ya shafi jiragen da ke ƙarƙashin yarjejeniyar ne kawai, kuma ma'aikacin da ke kan kwantiragin wata tara ya san cewa wanda ya ce a'a yau, ba lalle a kira shi gobe ba.

Ga mai saye a kasuwa, abin yana zuwa ne ta farashi. Kamfanoni da yawa sun bar hanyar Suwez suka koma zagaye ta Afirka ta Kudu, ƙarin kwana 10 ko fiye, har kuɗin da Masar ke samu daga mashigin ya faɗi da fiye da rabi a 2024. Kayan Sin da ke zuwa Legas da ma ta kudu suke bi, amma da jirage suka yi ƙaranci kuɗin dakon kwantena ya tashi ko'ina, ɗan kasuwar Kantin Kwari ma ya biya. Tashoshin da ke cikin Bahar Maliya, irin su Jidda da Fot Sudan, abin ya fi shafarsu kai tsaye.

Ga matashin da ke karatun injiniyan jirgi a makarantar Oron ko ta shirin horarwa na hukumar kula da sufurin teku ta Najeriya, NIMASA, abin dubawa kafin sa hannu shi ne tutar wace ƙasa jirgin ke ɗauke da ita, ko yana cikin yarjejeniyar ITF, da abin da takardar ta ce game da albashi in an kama jirgi ko ya nutse. Ma'aikata 25 na jirgin Galaxy Leader, wanda aka kama ranar 19 ga Nuwamban 2023, sai a Janairun 2025 aka sake su, bayan wata 14 a tsare.